Dala Daga Sama

A Kurna aka yanke min cibiya,
gidan da ke ƙarƙashin hanyar jirage.
In ɗaya ya taso, kwanon rufinmu ya ɗau rawa,
Baba ya ɗage ƙafa daga keken ɗinki,
ya bar maganarsa a rataye har ƙarar ta wuce.
Ni kuwa ina tsakar gida, wuya ya ƙage,
tuwo na hucewa a gabana.

Gonar Dawanau ce ta kai ni Zariya.
Ya sayar da ita har da tsamiyar bakin iyaka,
ya ƙirga kuɗin sau biyu a kan buzu,
ya ce, "Tasi'u, je ka koyo,
amma in ka hau, ka riƙa leƙo mu."

Na hau.
Ba zan ɓoye daɗin abin ba.
Ranar da na fara ratsa hadarin Agusta
na tarar da rana zaune a bayansa, fes,
kamar ba ta san Kano na jiƙewa ba.
Na ga Dala ta koma curin fura,
Tiga kamar tasar da aka manta a rana,
Kantin Kwari, duk da hayaniyarta,
ko tarinta ban ji ba.

Na ɗauki alhazai.
Wata tsohuwa daga Gezawa ta riƙe min hannun riga a matakala,
ta ce, "Ɗan nan, kai ne direban?
To, a hankali, ban taɓa ba."
Da muka sauka Jidda
ta kunce goro ɗaya daga bakin mayafi ta aiko min.
Albashi ya zo, ya yi wa Inna siminti,
ya tura ƙanne makaranta, ya wuce.
Goron nan na fi tunawa.

Sai dai sama ba ta kyauta.
Agogo biyu nake ɗaurawa,
babu wanda ya san lokacin barcina.
Na yi azumin da rana ta ƙi faɗuwa don ina bin ta yamma,
na yi salla a zaune, a ɗaure,
alƙibla na juyawa da fiffike.
Lokaci-lokaci likita ya kasa wa zuciyata kunne,
ya sa ni karanta ƙananan baƙaƙe a bango.
Ran da layi ɗaya ya gagare ni,
hular nan ta koma jikin ƙusa.

Ranar sunan Rumasa'u ina otal a Alƙahira,
ragon ma a hoto na gan shi.
Yanzu ta yi baki.
In jirgi ya gifta ta nuna sama ta ce Abba,
in na shigo da jaka ta ɓuya a bayan uwarta.

Sai wata Talata.
Waya a kashe, yadda doka ta ce,
muryata na shaida wa fasinja cewa hanya lafiya lau.
Kano ba ta jinkirta gawa.
Kafin taya ta taɓa kwalta
an yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi.
Maƙwabta ne suka ɗau makara.
Ni da ake yabo da isa a kan lokaci,
tabarmi na tarar a ƙofar gida,
da keken ɗinki a lulluɓe.
Wani ya ce ana cikin zuba ƙasa jirgi ya wuce,
liman ya dakata da addu'a har ƙarar ta lafa.
Ban tambayi ko ƙarfe nawa ne ba.

Yaran unguwa kan tare ni:
"Kyaftin, yaya ake zama kai?"
Nakan ce lissafi, da lafiyar ido, da haƙuri.
Sauran nakan haɗiye,
don ni ma da an gaya min, da ban fasa ba.

Gobe da asuba zan tashi.
In na karkata a kan Kurna,
rufin kwano dubu ne, duk tsatsa iri ɗaya,
amma zan leƙo.